Gidan Rani Ba Shi Ne Gidan Damina Ba

 Yau maganarmu a kan sayen gida da fili ce, sha'anin da a da ake cewa na maza ne kaɗai. Yanzu kuwa ba haka abin yake ba. Mace takan kwashi adashinta, ko ta tara ribar ƙosai da ɗinki da kitso, ko ta karɓi rabonta na gado, ko ta tsimi albashinta shekara da shekaru, sa'an nan ta ce bari ta sa kuɗin a ƙasa, domin ƙasa ba ta ruɓewa. Wannan dabara ce mai kyau. Amma fa a cikin masu sayen nan babu wanda aka fi cuta kamar mace, saboda sau da yawa ba ita ke zuwa ta gani da idonta ba, aike take yi, in ma ta je kunya takan hana ta yawan tambaya a gaban maza. To, mene ne ya wajaba mai sayarwa ya faɗa mata, kuma wane hakki ne take da shi idan ya ɓoye?

Mu fara da abin da Shari'a ta ce, tun da yake ita ce yawancinmu muke ciniki a kanta. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta wajen wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kana ya nuna masa cewa mai algus ba ya cikin tafarkinsa. Idan an yi wannan faɗa a kan hatsin da za a cinye cikin mako guda, ina ga gidan da mutum zai zauna da 'ya'yansa har tsufa?

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya hana ɓoye aibi a ciniki, ya kuma ba da ma'auni mai sauƙi wanda ko yarinya 'yar aji huɗu za ta gane. Duk abin da in an faɗa wa mai saye zai ƙi kayan, ko kuwa ya rage tayinsa, to bai halatta a yi shiru a kansa ba. Ki ɗora wannan ma'auni a kan gida ki gani. Gara ta cinye azara an shafe da fenti. Katanga ta tsage an cike da yaɓe mako biyu kafin a kira dillali. Rijiyar gidan tana ƙafewa tun watan Fabrairu, ko kuwa ruwanta na zartsi ne. Masai ya cika, ko an haƙa shi dab da rijiya. Akwai 'yan haya da suka riga suka biya kuɗin shekara biyu. Akwai tsohon bashin wutar lantarki a kan gidan. Maƙwabci yana da'awar rabin zaure. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai sa mai hankali ya ja da baya ko ya rage kuɗi, saboda haka faɗinsa wajibi ne. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ƙara da cewa ba a dunƙule maganar. Bai isa mai gida ya ce, ai kin san tsohon gini ne, ya tsaya nan ba. Sai ya ambaci aibin da ya sani da sunansa, ya siffanta shi, ko ya kai ki ya nuna miki da yatsa.

Idan kuwa ya ɓoye, aka ƙulla ciniki, daga baya aibin ya bayyana fa? Nan ne na fi so ku saurara, domin mata da yawa suna zaton in an biya kuɗi magana ta ƙare, sai haƙuri. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, alƙalin birnin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a 1426, wanda alƙalan ƙasarmu suka daɗe suna dogara da shi, ya kasa aibin gida gida uku. Akwai ƙaramin aibi wanda ba ya taɓa farashi ko kaɗan, wannan ba a mayar da gida saboda shi, ba a kuma biyan komai. Akwai wanda yake rage darajar gidan amma ragin bai kai sulusi ba, kamar tsagewar wata katanga, to a nan gida yana nan a hannunki, amma mai sayarwa zai mayar miki da kimar aibin. Sa'an nan akwai wanda ragin ya kai sulusi ko ya wuce, wannan kina da ikon ki mayar masa da gidansa ki karɓi kuɗinki.

Ga misali da lissafi, 'yan makaranta su taya iyayensu. An sayi gida naira miliyan 9. Sulusin wannan kuɗi miliyan 3 ke nan. Damina ta zo aka ga ɗaki guda yana yoyo saboda ruɓewar katako, magina masu gaskiya suka kimanta cewa da an san da wannan da gidan bai wuce miliyan 8 ba. To mai saye tana bin mai sayarwa miliyan 1. Amma idan aka tarar harsashin ginin ne yake nutsewa, har masana suka ce gidan bai fi miliyan 5 ba, ragin ya zama miliyan 4, ya wuce sulusi, sai a warware ciniki in ta so. Ba ke za ki yanka kimar da bakinki ba, ba kuma shi ba, masu sanin gini ne ake kira su duba.

Amma wannan hakki yana da sharuɗɗa, kada wata ta ce Malama ta ce a mayar da gida don an gaji da shi. Dole aibin ya zama tsoho ne, watau yana nan tun kafin ciniki. Dole ya zama ba ki san da shi ba a lokacin, ba kuma irin wanda yake a fili ne kowa na gani ba. Abu na uku shi ne wanda ya fi kayar da mu: idan kika gano aibin kika yi shiru, kika ci gaba da harkokinki kamar kin yarda, alƙali zai ɗauka kin yarda ɗin. Kawaici halin kirki ne a zaman gida, amma a nan asara yake jawowa. Ranar da kika gani, ranar za ki kira shaidu su gani, a aika wa mai sayarwa. Haka kuma maganar nan da wasu suke fakewa da ita, wai na sallama miki shi yadda yake, ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

To, sai dokar boko, wadda muka gada daga Ingila, wadda ake aiki da ita a Babbar Kotu. Ita tafiyarta dabam ce, kuma ya kamata a san bambancin. Ƙa'idarta ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Game da lafiyar gini, yoyo ko tsagewa ko danshi, galibi ba ta tilasta wa mai sayarwa ya fara buɗe baki ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ƙarya da yaudara. In kika tambaye shi ko ruwa yana shiga gidan ya ce ba ya shiga, kika saya bisa maganarsa, daga baya ta tabbata ƙarya ce, kina iya neman a warware cinikin, har ma ki nemi diyya in da gangan ya yi. Sai dai game da mallaka, watau ko gidan yana jingine, ko wani yana da hakki a kansa wanda ido ba zai gani ba, nan kam ko a dokar boko dole ya faɗa. Kun ga ashe maganin abin ɗaya ne ta kowace hanya: a yi tambaya, a yi ta a gaban shaidu, a kuma rubuta amsar a cikin takardar ciniki. Shirun mutum yana da wuyar kamawa a kotu, amma ƙaryar da ya sa wa hannu ba ta da wurin ɓuya.

A ganina ba a sayen gida da rani in da hali. A watan Maris kowane gida lafiyayye ne, kowane fili tudu ne. Ki jira Agusta, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari da safe ki je ko ki tura wanda kika amince da shi ya ga inda ruwan ya kwana. A birane irin su Kano an cike kududdufai da yawa da shara da ƙasa an yanka su fuloti-fuloti, wanda bai san unguwar ba ba zai taɓa ganewa ba sai gini ya fara tsagewa. Bayan ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba na jin akwai mai cewa tambayar hanyar ruwa ƙaramar tambaya ce. In ba za a iya jiran damina ba, a dubi gindin katanga ko akwai zanen da ruwa ya bari, a yi shakkar sabon fenti a tsohon gida, a kuma tambayi matan maƙwabta. Nan ma muna da wata dama da maza ba su da ita. Namiji iyakarsa zaure, ke kuwa kina iya sallama ki shiga har tsakar gidan maƙwabta, kuma abin da tsohuwar gidan za ta gaya miki cikin rabin sa'a, dillali ba zai gaya miki cikin shekara ba. Ba zagin dillalai nake yi ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma dai la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka bai kamata shi kaɗai ya zama idonki da kunnenki ba.

Shari'a ta kuma ba da wata sarara da ba a cika amfani da ita ba. Ana iya ƙulla ciniki bisa sharaɗin zaɓi, watau a yanka wa'adi na dubawa da shawara, in abin bai yi miki ba ki fasa. A kan gida malamai sun ba da kimanin wata guda. Sai dai a irin wannan ciniki ba a shardanta biyan kuɗi tun kafin wa'adin ya cika. Kuɗin kafin alƙalami kuwa, a mazhabar Imamu Malik bai halatta a shardanta cewa in ciniki ya fasu mai sayarwa ya cinye shi ba. A rubuta tun farko cewa in an fasa za a mayar.

Yanzu sai babban aibi, wanda ya fi yoyo da gara ciwo, watau mutum ya sayar miki da abin da ba nasa ba. Tun ran 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana domin jama'a, kuma har yau tana cikin Tsarin Mulkin 1999. Ma'anar wannan ita ce abin da kike saya hakkin zama ne da amfani da wurin. A birni Gwamna ke ba da takardar shaidar wannan hakki, wadda aka fi sani da C of O, yawanci ta shekara 99 ga gidan zama. A karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke ba da hakkin gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya ce mai riƙe da hakkin da Gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne. Ba magana ce ta takarda kawai ba. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, mai ƙosai fa?

Don haka kafin kuɗi ya fita, a ɗauki lambar takardar a kai ofishin filaye a nemi bincike. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi kuma suna da ma'aikatun ƙasa da safiyo. Za a biya kuɗin bincike, amma a nan ne ake sanin ko sunan da ke takardar shi ne na rajista, ko gidan yana jingine a banki, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru, ko kuma gwamnati ta riga ta ware wurin don hanya ko makaranta ko asibiti. Idan mai sayarwa ya ce asalin takardar ta ɓata, sai hoto, ki tsaya cik, mai yiwuwa asalin tana ajiye a banki. A kuma kira mai awo ya auna, domin fulotin da aka ce ƙafa 50 da 100 ne yakan rame idan igiyar awo ta hau shi. A guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da gefen makabarta, da filin wakafi, da duk wurin da aka san na jama'a ne. Mutanen Kano sun ga yadda a watan Yuni na 2023 aka rushe shagunan Filin Idi bisa hujjar cewa filin na jama'a ne, masu su kuwa suna cewa da takardunsu a hannu. Ku kuma sani cewa idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da makamantansu, ba ta tsurar ƙasa ba.

Mafi yawan gidajen cikin gari ba su da takardar Gwamna, sai shaidar mai unguwa ko dagaci da dattawan wuri. Irin wannan ciniki na gargajiya kotu tana karɓarsa idan an biya kuɗi, an yi a gaban shaidu, an kuma miƙa wurin a gabansu. Amma a nan ne gidan gado yake kama mutane. Mahaifi ya rasu, ba a raba ba, sai babban wa ya tashi ya sayar shi kaɗai, alhali matar mamaci tana da tumuninta a ciki, 'ya'ya mata suna da nasu, wataƙila har da marayu ƙanana da wani ɗa da ke Legas ko Makka. Babu mai ikon sayar da rabon wani sai da wakilcinsa. In za ki sayi gidan gado, ki nemi takardar rabon gado ta kotu, ki kuma tabbata kowane magaji ya yarda, har matan da ke cikin ɗaki, a ji daga bakinsu. Ko da rabonsa kaɗai mutum ya sayar miki a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayyarsa suna da hakkin shufa'a, watau su biya ki abin da kika biya su karɓe rabon ko ba ki so. A Malikiyya wannan hakki na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi. Wanda yake gari ya kuma sani ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa hakkinsa, amma wanda ya yi tafiya nasa yana nan har ya dawo. Ku juya maganar ta ɗaya gefen kuma, 'yan'uwa: idan wanki ne ya sayar da rabonsa na gidan mahaifinku ga bare, ke ma kina da wannan hakki.

Idan duk da haka mai gida na ainihi ya fito ya tabbatar da hakkinsa a gaban alƙali, zai karɓi abinsa, ke kuma ki koma kan wanda ya sayar miki ki bi kuɗinki. Hakkin yana nan sarai, sai dai karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya ƙara aure da su ko ya bar gari ba ƙaramin aiki ba ne.

Game da rubutu, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi da kuma kafa shaidu a ciniki. Saboda haka wadda ta ce a rubuta ba ta yi rashin kunya ba, ko da kawunta ne ke sayar mata. A sa sunan mai saye da mai sayarwa, da iyakokin wurin gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage, da aibin da aka bayyana, da tabbacin mai sayarwa cewa babu jingina babu rigima. In kuɗin da yawa a biya ta banki don a sami shaida, a kuma nemi lauya, kuɗinsa bai kai asarar ɗaki guda ba. Sa'an nan sunan wa za a rubuta? Naki. Musulunci ya ba matar aure dukiyarta, tana saye tana sayarwa. Maigida ko wa yana iya zama wakili ya tsaya a madadinki, wannan daidai ne kuma mutunci ne, amma wakili ba mai kaya ba ne. Ba don ana zargin maigida ba. Rai ne ba ya sallama, kuma ranar rabon gado takarda ake karantawa, gidan da aka rubuta da sunansa kuwa za a lissafa shi cikin dukiyarsa, ke da kishiyoyi ku raba tumuni a kan abin da kika saya da guminki.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan ne wurin da karatunku zai yi rana. Kada ki bari Inna ta dangwala yatsa a takardar da ba ki karanta mata daga farko har ƙarshe ba, kin kuma fassara mata da Hausa. In an ce za a saya miki fili ne da sunanki, a sani cewa sashe na 7 na dokar 1978 bai yarda Gwamna ya ba wanda bai kai shekara 21 ba wannan hakki kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa, in ban da abin da ya zo ta hanyar gado.

In rigima ta taso a kan mallakar wurin da ke da takardar Gwamna, Babbar Kotun jiha ake zuwa. Na hakkin gargajiya kuwa ana iya farawa daga kotun yanki ko makamanciyarta. Bayan an gama ciniki kuma, a nemi yardar hukuma a yi rajista da sunanki, kada a jefa takarda cikin adaka a manta. Fili kuma a kewaye shi, ko da da bulo layi biyu ne, a riƙa leƙa shi, a gaya wa mai unguwa mai shi. A Malikiyya, idan bare ya shiga wurinki ya gina yana zaune ana kiransa mai gida, kina gari, kin sani, babu abin da ya hana ki magana, har shekara 10 ta cika, to alƙali ba zai saurari ƙararki ba.